Ranar da Na Tura 'Yar Ingila

Ni ba mai son mota ba ce. Ga wari, ga ƙara, ga ta da ɗauke wa mutum miji kwana da kwanaki. Amma akwai guda ɗaya da na ci burin shiga tun ina amarya, sai da furfura ta gama da kaina sannan na taka ta.

Maigidana, Allah ya jiƙan shi, direba ne. Motar da yake ja doguwar bas ce ta wani attajiri a unguwarmu, Ƙofar Kaura, koriya da ratsin ruwan madara, gabanta a shafe kamar an manna ta da bango, injin a ciki kusa da direba. 'Yan tasha 'Yar Ingila suke ce mata, don daga can aka kawo ta. Tun kafin canjin hannu ta zo, shi ya sa sitiyarinta da ƙofar direba suke dama, ƙofar fasinja tana hagu.

Ni ce mai wanke mashi riguna masu warin gas, ni ce mai tashi da asuba in dama furar da zai tafi da ita. Labarin motar nan na sha shi har ya ishe ni: yadda take haye tudu cike da 'yan kasuwa da buhunansu, yadda giyarta ba ta shiga sai an lallashe ta. In na ce, "Malam, yaushe za ka ɗauke ni?" sai ya ce, "In an samu sarari." Ina zan je ma? Gidan iyayena Ƙofar Durbi ne, da ƙafa nake zuwa. Sararin bai samu ba har aka sayar da motar ƙauye. Ya ja wasu bayanta, bai ƙara yabon ko ɗaya ba har ya koma ga Allah.

Na aurar da ɗiyata ta ƙarshe, na shiga ajin manya na koyi karatu da rubutu, na yi jikoki, na manta da zancen. Rannan sai ga tsohon kwandastan maigidana ya zo gaishe ni. Shi ma ya tsufa, ya je Makka, har da haƙorin azurfa. Muka gaisa, ya tambayi gida da yara da jiki da zafi, sannan ya kasa daurewa.

"Hajiya, an gano 'Yar Ingila!"

Wai a bayan gidan wani manomi suka same ta, an cika ta da harawa, kaji na ƙwai a kan kujerar direba. Tsofaffin direbobin da suka ja irinta suka haɗu suka jawo ta gareji. Wani ya kawo gilashi, wani ya tono fitilar da ya ɓoye a ƙarƙashin gado, ba wanda ya san dalilin ɓoyon. Kullum bayan la'asar suna can a kan benci suna gardama da makanike. Yanzu an gama fenti, ranar Asabar da hantsi za su zagaya gari da ita.

Na ce, "To ka ce masu a ajiye mani kujera."

Ya sosa ƙeya. "Hajiya, ai Shugaban tsofaffin direbobin ya ce direbobi ne kawai."

"Kai direba ne?"

"Ni ai... na cikin gida ne."

"Ni kuma ta waje ce ko? Tashi ka ba ni wuri."

Ranar Asabar na saka atamfata ta zuwa biki, na hau Keke zuwa garejin. Daga nesa na hango ta tana ƙyalli. Tsofaffin duk sun shige sun zauna, manyan riguna, huluna a karkace, kowa na shafa bayan kujerar gabansa. Matasan unguwa sun kewaye ta da wayoyi suna ɗauka. Shugaban nasu, wani dogon Alhaji mai sanda, yana bakin ƙofa.

Muka gaisa da mutunci. Ya yi wa maigidana addu'a, ya ce ba a taɓa yin mai hannunsa a giya ba. Na ce amin, na ɗaga ƙafa zan hau. Ya gitta sandar.

"Hajiya, a yi haƙuri. Yau ta 'yan sana'a ce. Wata rana a shirya ta iyali."

"Alhaji, wata ranar nan na san ta. Da ita na tsufa."

"Doka ce, ba ni kaɗai na yi ta ba."

Ya hau, ya zauna a kujerar gaba, ya bar ni a ƙasa da jakata. Ban tafi ba. Na tsaya in ga ƙarshen abin.

Wanda aka ba tuƙin shi ne mai sauran ƙarfin ido a cikinsu. Ya yi bismilla, ya murɗa makulli. Motar ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Ya ƙara. Ko tarin ba ta yi ba. Batir ya sauka, makaniken kuma ya hau babur neman wani tun ɗazu, bai dawo ba.

"Sai turi," in ji direban.

Ba wanda ya motsa. Ina jin su ta taga.

"Alhaji, bismilla mana."

"Ni? Tun da na karɓi lasin ban sake tura mota ba. Direba ba ya turi."

"To wa ya ce ni yaron mota ne?"

"Lokacin da nake jan Kano kai kana wanke taya!"

"Gara wankin taya da motar da ka jefa rami a hanyar Daura!"

Aka fashe da dariya, aka ci gaba da zama. Mota cike da direbobi, kowa na jiran wani ya sauka. Matasan kuwa hannuwansu na riƙe da waya.

Nan na tuna wata magana ta maigidana. A tasha, duk wanda ya sa hannu ya tura mota har ta tashi, ba a barin shi a ƙasa. Ko ba shi da ko sisi, ko motar ta cika, sai an matsa mashi. Na rataya jakata a wuya, na ɗaure mayafi a ƙugu, na zagaya baya, na dafa sabon fentin nan da hannu biyu, na ce, "Kai direba, saki birki!"

Ba zan yi ƙarya ba, ko gezau ba ta yi ba. Amma matasan suka juyo da wayoyinsu kaina, ɗaya ya ce, "Kai jama'a, Hajiya ce ke turi, alhazai na zaune!" Wannan ita ta tashe su. Kwandasta ya fara dirowa yana "Subhanallahi, Hajiya, bari, bari!" Sauran suka biyo shi suna tattare riguna, wani na nishi, wani na neman takalminsa. Har Shugaba ya sauko, ya jingina sanda, ya sa kafaɗa.

"Ɗaya, biyu, hai!"

Ta motsa. Ta gangara. Direba ya saki kuloci, ta yi tsalle, ta yi wata irin gurnani, ta watso mana baƙin hayaƙi a fuska. Tsofaffi suka ɗauki kabbara kamar yara. Wani na hawaye yana cewa hayaƙi ne. Direban ya tsaya a bakin titi, ƙafarsa a kan totur, yana ihu, "Ku shigo kafin ta mutu!"

Sai na ga abin da har yau in na tuna nake dariya ni kaɗai. Gaba ɗayansu suka kwasa suka yi dama. Mutanen da suka fito ta hagu yanzun nan! Da suka ji kukan injin, ƙafafunsu suka kai su inda suka saba shiga, ƙofar direba. Suka taru a wurin suna ture juna, kowa ya miƙa hannu zai kama mariƙin, direban na ciki yana zare masu ido yana cewa, "Ina za ku? Akwai mutum a nan!"

Ni da ban taɓa zama komai ba sai mai son zama fasinja, na bi hagu a hankalina, na hau matakala, na zauna a kujerar gaba.

Suka zagayo suna haki suna yi wa juna tsiya. Shugaba ya shigo ya same ni a wurinsa. Ya buɗe baki, na ɗaga mashi tafin hannuna, duk kore, fentin bai gama bushewa ba.

"Alhaji, wanda ya tura mota ana barin shi a ƙasa?"

Kwandasta daga baya ya ce, "Wallahi ba a bari, Shugaba. Kai ka koya mana."

Ya dube ni, ya dubi hannun, dariya ta ƙwace mashi. "Marigayi ya sha fama," ya ce, ya wuce kujera ta biyu.

Muka ɗauki hanya. Kujerar tauri gare ta, injin na gasa mani ƙafa, ƙarar ba ta bari ka ji na kusa da kai. Ashe daga sama haka garin yake! Ina ganin cikin shaguna, ina ganin kan rumfunan masu shayi. A Ƙofar Durbi wani tsoho mai facin taya ya miƙe tsaye, ya cire hula yana kaɗa mana. A Ƙofar Kwaya 'yan Keke suka jeru a bayanmu suna ta oda. Duk sanda direba zai sa giya sai motar ta yi ƙara, tsofaffi su haɗa baki, "Lallashe ta! Lallashe ta!" Na tsinci kaina ina faɗa tare da su, har na fi su murya.

Da muka dawo Ƙofar Kaura direba ya rage gudu. Shugaba ya leƙo ta kafaɗata ya ɗaga murya.

"Hajiya, ga unguwarku. A sauke ki a nan?"

Na gyara zama, na ɗora jakata a cinya.

"Wa ya ce maka na gaji? A ƙara zagaye ɗaya."