Kazar Maɗori

Shekara biyu ko uku bayan samun mulkin kai, kamiyo, babbar motar kaya, ta kifar da mu a hanyar Tibiri. Ina dawowa daga kasuwa, inda na sayar da man gyaɗa, ina zaune can saman buhuna. Motar ta zo gangaren wani kwari, ta ɗan yi tunani, ta kwanta a gefe ɗaya. Buhu ya sauka a ƙwaurina na hagu, na ji ƙas.

Ranar na gane kowa ya san abin da ake yi wa wanda ya ji ciwo, in dai ba shi ne ya ji ba. Wani ya ce a ba ni ruwa, wani ya ce mai karaya ba ya sha. Wata tsohuwa ta ɗebo rairayi za ta zuba a ciwon. Wani bawan Allah ya kama ƙafar zai ja, wai ta koma wurinta. Shi kam na zage shi tas, kuma har yau ban nemi gafararsa ba. A ƙarshe wani makiyayi ya haɗa sanduna biyu ya ɗaure ƙafar da rawani, wata mota ta kai ni gida Dogon Dutsi.

Maigidana yana aikin kai takardu a biro, wato ofis, don haka ya ɗauki kansa ɗan zamani. Ya kira anfirme, malamin jinya, anfirme ya duba ya ce wannan sai babbar likita, wato asibitin Doso. Kafin a samu mota, Inna, mahaifiyata, ta iso daga ƙauye.

"Doso?" in ji ta. "Wanda anka kai bara, da ƙahwa guda ya komo. Ɗiyata ba ta zuwa."

Suruki ba ya jayayya da surukarsa. Maigidana ya sunkuyar da kai, ya fita zaure, ya yi jayayyarsa da bango.

Washegari Inna ta kawo maɗori, wani tsoho da ya gaji aikin tun kakanni. Bai fara da ni ba. Ya ce a kawo kaza. Aka kamo wata ja, ya karya mata ƙafar hagu, ya ɗaure da kara da tsumma. Sannan maza huɗu suka danne ni, ya ja, ya tofa, ya jera tsagaggen kara ya ɗaure. Abin da na faɗa a lokacin ba na rubutawa ba ne.

"Ƙahwarku guda ta yanzu," in ji shi. "Rad da tat taka, ke ma ki taka. Kar ki riga ta, kar kuma ta jira ki. Ina zuwa kowace kasuwa."

Aka ɗaure kazar a ƙafar gadona. Gero mai kyau ita, ruwa mai sanyi ita. Masu zuwa dubiya su shigo su ce, "Ya mai jiki?" idonsu a kan kaza. Ban taɓa tsanar wata halitta kamar yadda na tsane ta ba.

Wata bai cika ba, wata safiya na gan ta ta sauke ƙafar, ta taka, har da tono. Ni kuwa ƙwaurina yana nan a kumbure, in na motsa sai in ji ƙashin yana motsi a ciki. Gobe kasuwa, maɗori zai zo, kuma ba mutum ne da ake ce wa a dakata ba. A ƙauyenmu akwai wanda aka tayar da wuri, ƙafarsa ta tanƙware kamar lauje, a haka ya tsufa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko a cikin kwarin nan.

Inna ta shigo da kunu. Ta dubi kaza, ta dube ni.

"Inna, ba ni iyawa," na ce, na fashe da kuka.

Inna mace ce da ba ta taɓa tsallake abin da aka hana ba. Ba ta shara da magariba, ba ta wuce tsamiyar bayan gari ba tare da sallama ba. Amma ta ajiye kunu, ta kwance kaza, ta zagaya da ita bayan rumbu. Da ta dawo da ita, tsalle take da ƙafa ɗaya. Ashe Inna ta naɗe wadda aka karya ta ɗaure a cinya da zare, gashi ya rufe.

Maɗori ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa ya watsa gero. Kaza ta nufo shi da tsalle.

"Wagga kaza akwai nawa," in ji shi. Ya daɗe yana duban Inna, ita kuma tana duban ƙwaryar hannunta. "To, mu ƙara mata kasuwa guda."

Haka ya yi ta ƙara mata kasuwa, har kumburin ya saɓe, har ranar da na ce wa Inna ƙafar tana son ƙasa. Ta sa aska ta yanke zaren. Da maɗori ya zo, kaza ta taka, ni ma aka miƙo mini sanda na taka. Ƙafata ta miƙe sambal, da ita na yi sauran kasuwannina. Ta kazar kuwa ta ƙage saboda daɗewa a naɗe, ba ta sake miƙewa ba.

Ranar da Inna za ta koma ƙauye, ta sa kazar a kwando za ta tafi da ita, wai kar mu yanka. Na raka ta bakin zaure da ƙafata.

"Inna, an ce ƙafarmu guda ce. Ba ki ji tsoron abin da kika yi mata ya dawo kaina ba?"

Ta gyara kwandon a kanta.

"Tsoro? Tun rad da na ɗamre ta ban yi kwana mai daɗi ba. Amma na ga ɗingishi ya shigo gidanga, kuma ba shi hita hannu wohi. Sai na miƙa mai wadda ban haihwa ba."