Uwar Sauro

Ina zaune a barandar ginin bincike na jami'a ina jiran ƙanwata, sai ga wata doguwar mata cikin farar rigar likitoci, rungume da akwatin raga lulluɓe da jiƙaƙƙen tawul. Tafiya take kamar mai ɗauke da jariri. Akwatin kuwa wani siririn kuka yake yi. Sauro ne a ciki, fal.

Ƙofa ƙofa take bi tana roƙon masauki: na'urar sanyaya ɗakinta ta mutu, zafi zai kashe mata aikin shekara guda. Mai nazarin waƙoƙin raino ya ce zai karɓe su in za su yarda ya naɗi muryarsu. Mai binciken tsegumin unguwa ya ce sai ya ji abin da maƙwabta za su ce. Tsohon malamin lissafi, alli har a gemu, ya buɗe mata ɗakinsa da ke daf da inda nake zaune, ya manta da ita, yana bin tashinsu da yatsa.

Dariya take har da hawaye. Ina jin a gidansu “likita ce” kawai ake cewa, ba a ƙara bayani.

Ta naɗe hannun riga, ta ɗora damtsenta kan ragar. “Ku ci, 'ya'yana.”

Nan wani sauro ya sauka a wuyana, na kai masa mari. Ta dubi jinin da ke tafina.

“Kwantar da hankalinka, Malam, ba nawa ba ne. Nawa suna da tarbiyya.”