Takalmin da Injiniya Ya Aiko

Mai Guga a tsaye ya tsufa. Tun yana saurayi yake aiki a ɗakin wanki na wani otal, can ƙasa inda babu taga, tsakanin injin busar da kaya da tulin zannuwan gado, yana goge kwalar rigunan mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Da wannan tsayuwar ya yi wa babban ɗansa karatu, har yaron ya zama wanda kowa ke kira Injiniya. Shi uban ma haka yake kiransa, baki har kunne.

Ba za a ce Injiniya mugu ne ba, yana aike. Direbansa ya san gidan sarai, shi ne dai hanya ta ɓace masa. Sau ɗaya Mai Guga ya taɓa zuwa ofishinsa. Ɗan ya sauko da sauri ya tare shi a bakin get, ya dubi takalmin uban kafin ya dubi fuskarsa, suka gaisa a gefen masu gadi kamar wanda ya zo neman aiki. Tsohon bai gaya wa kowa ba, amma abin ya tsaya masa a rai.

Gudu kuwa likita ce ta jawo shi. Ta ga jijiyoyin ƙafarsa sun yi ruɗu-ruɗu, ta ce ko ya motsa su ko su kwantar da shi. Sai Auta, 'yarsa da ke zaune da shi tun rasuwar uwarsu, ta kai shi wurin wasu sababbin shiga da ke taruwa da sassafe a filin bayan asibiti, suna shirin tseren titi na kilomita ashirin da ɗaya. Tarkacen mutane ne, babu wanda ya taɓa bin ko kaza da gudu. Akwai wani ƙaton mai sayar da taya da ake kira Tanka, wanda ke haki tun wajen ɗaure igiyar takalmi. Mai horar da su tsohuwar 'yar tsere ce marar wasa, kowa Koci yake ce mata.

Ranar da Auta ta ba yayanta labari a waya, muryarsa a buɗe take, tsohon yana ji. Injiniya ya yi dariya har da tari.

"Baba da gudu? To ki gaya masa, kamfaninmu na da rumfa a wurin tseren. In ya kai ƙarshe, ni zan rataya masa lambar yabon da hannuna."

Auta ta san raha ce. Mai Guga kuwa ya ɗauke ta alkawari. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: ɗansa ya tsaya cikin abokan aikinsa ya nuna shi, ya ce wancan babana ne.

Da farko daga wannan falwaya zuwa waccan yake kaiwa, ya dafa gwiwa yana ganin taurari. A hankali ya koyi gudu kaɗan, tafiya kaɗan, ya koyi shan ruwa tun kafin ƙishi ya zo. Daga fili yakan wuce ɗakin guga ya tsaya yini guda. Takalminsa wani tsohon kambas ne da ya buɗe daidai ƙullutun babban yatsansa.

"Baba, wannan takalmin ai ya girmi Koci," in ji Tanka.

"Ya girme ta, kuma kullum bayansa kake gani."

Koci ba ta dariya da zancen takalmi. Doka ɗaya take maimaitawa har ta gundure su: "Ranar tsere ba a sa sabon abu. Ba sabon takalmi, ba sabuwar safa. Abin da ƙafarka ta sani, shi za ka kawo mini."

Ana gobe tsere da yamma sai ga direba da kwali. Takalmi ne ruwan lemo, sai ƙyalli yake, yana ƙamshin kanti. Mai Guga ya zura ƙafa, ya ji ya ɗan kama shi a dunduniya da yatsa, ya ce ai haka sabo yake.

"Baba, ka dai ji abin da Koci ta ce," in ji Auta.

"Yayanki zai tsaya cikin manyan mutane. So kike in je masa da wancan?"

Ta ƙyale shi. Ba da ita yake maganar ba, da bakin get ɗin nan yake yi.

Da safe Koci ta dubi ƙafarsa, ranta ya ɓaci. "Baba, ina naka?"

"Wannan ma nawa ne. Ɗana ya aiko."

Farkon tseren ya yi daɗi, har yana ɗaga wa 'yan kallo hannu. Kafin rabin hanya dunduniyarsa ta ɗauki zafi kamar ya taka dutsen guga. Ta yi bororo, bororon ya fashe, safa ta jiƙe. Mutanen da ya saba bari a baya suka riƙa wuce shi ɗaya bayan ɗaya, har Tanka.

"Baba, cire su mana! Ka ƙarasa da safa, wa zai gani?"

"Wuce abinka. Akwai mai gani."

Motar kwashe waɗanda suka gaza ta rage gudu kusa da shi, ya kore ta da hannu. Aka buɗe wa motoci titi, ya koma gefe yana ɗingishi cikin masu talla. Ya isa rana ta take, ana naɗe tutoci. A rumfar kamfanin su Injiniya leburori ne kawai ke ɗora kujeru bisa juna. Auta da Koci da Tanka suka taro shi. Koci ta ɗaga lambar da ta ajiye masa za ta sa masa a wuya, ya kauce.

"Bari tukuna, akwai mai ratayawa."

Ba wanda ya iya dubansa. Auta ta zaunar da shi a bakin kwalbati ta zare takalmin. Safar ta manne da nama, sai da aka zuba ruwa. Tana cikin haka wayarta ta yi ƙara, Injiniya ne, ta miƙa wa tsohon.

"Baba, an gama? Wallahi wani taro ne ya riƙe ni. Takalmin fa, ya yi daidai? Direba na sa ya zaɓo, ban san lambar ƙafarka ba."

Mai Guga ya dubi ƙafafunsa. Baƙin ciki ya taso masa, irin wanda bai ji ba ko a bakin get.

"Ya yi daidai," ya ce. "An gode."

Auta ta fito da tsohon kambas ɗin daga leda, ashe ta taho da shi. Tsohon ya karɓi lambar daga hannun Koci, ya cusa ta cikin sabon takalmin, jinin ko bushewa bai yi ba, ya miƙa wa Auta.

"In direba ya zo, ki ba shi ya kai masa. Mu ma mun iya aike."