Akori-kurar Labbo da Saniyar Ibrahima

Ranar Laraba, sha huɗu ga Nuwamba na 1984, na fara ganin Labbo a karar shanu ta Sabon Birni, inda nake aikin yanka rasiti a lokacin. Ya koro bijimai da karsanai waɗanda har yanzu akwai nama a jikinsu, ya sayar da su duka kafin azahar. Da dillali ya tambaye shi ko aikin Hajji za shi, sai ya ce a'a, mota zai saya.

Labbo Bafillace ne na wajen Tsamaye, dogo, mai ƙarancin magana, ya ba arba'in baya. Damina biyu ke nan ruwa bai yi ba. Gero ya bushe tun bai fitar da kai ba, tafkuna sun tsage, rijiyar mashekarinsu kuwa sai laka guga ke ɗaukowa. Makiyaya suka yi ta haɗa kaya suna gangarawa kudu. Shi Labbo bai so tafiya ba, don mahaifiyarsa ta tsufa, ba ta iya hawa ko jaki. Sai ya yi shawara da zuciyarsa: idan shanu ba za su je wurin ruwa ba, ruwa ya zo wurinsu. Zai rage garke ya sayi akori-kura, ta riƙa ɗauko masa ruwa a duro daga bakin gulbi, da harawa da dusa daga kasuwa, har Allah ya kawo damina.

Wakili bakanike ya sayar masa da ita, tsohuwar Fijo fara. Labbo ya zagaya ta kamar yadda yake zagaya saniya, ya bubbuga mata ciki, ya leƙa ƙarƙashinta, ya tambayi shekarunta.

"Buɗa bakinta ka duba haƙora, ɗan Hulani," in ji Wakili yana dariya. "Wagga ba ta cin ciyawa, ba ta zawo, ba ta ɓacewa daji."

Da farko abin ya yi kyau. Lawwali direba yana kai da kawowa, shanu suna sha suna ƙoshi, masu wucewa suna tsayawa kallo. Amma Labbo ya yi zaton an gama biya ranar da aka saya. Bai san da kuɗin fetur na kullum ba, da baƙin mai, da albashin Lawwali, da takardun mota. Hanyar mashekari rairayi ce zalla, duro cike da ruwa kuma nauyi gare shi. Sifirin ya karye. Ƙayar bagaruwa ta cinye tayoyi. Lagireto ya soma yoyo, har ya zamana cikin ruwan da aka ɗebo wa shanu sai an fara ba mota nata. Duk lokacin da ta tsaya, wata dabba ce ke tafiya kara, kuma farashin shanu kullum ƙasa yake yi, don kowa na sayarwa, kayan mota kuwa sama suke yi.

Akwai wani kuskure da ya yi saboda tausayi. Ya ga mota ta wahala, sai ya ce a bar ta ta huta a ƙarƙashin gawo, kamar yadda ake hutar da takarkari. Da aka zo tayar da ita batir ya mutu, ɓeraye sun ci wayoyi. Wannan hutun ma sai da ya ci maraƙi guda.

Matarsa Mairama ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Wata safiya tana tatsa, nonon bai rufe gindin ƙwarya ba, ta ce, "Maigida, saniya in ta ci tana haihuwa. Wagga tun da ta zo cin ɗiyan mutane takai, ban ga nata ba."

Abinci ya daina shiga masa. Da ya ji Lawwali ya tayar da inji sai ya tsaya cik yana saurare, ko zai ji wani sabon ƙara. Idan mota ta yi jinkirin dawowa, sai ya hau tudu ya zuba wa hanya ido, shanu na bayansa suna kuka a bakin kwamin da babu ruwa.

Cikin abin da ya rage masa akwai wata jar saniya wadda ba tasa ba. Amininsa Ibrahima ne ya ba shi ita habbanaye tun kafin fari. Al'adar ita ce ka riƙe saniyar ɗan'uwanka har ta haihu sau uku, 'ya'yan naka ne, sa'an nan ka mayar masa da uwar. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, kuma a gabanta ake fara ajiye harawa. Idan ta mutu da kanta, ba a biya. Ibrahima ya riga ya tafi kudu da garkensa, ba wanda ya san inda ya yada zango.

A watan Afirilu, zafi na tsakiya, injin ya buga a kan hanyar Isa. Aka jawo motar zuwa garejin Wakili. Ya buɗe, ya daɗe yana dubawa, ya faɗi abin da gyara zai ci. Labbo ya san ragowar shanunsa ƙashi da fata ne, ko ya haɗa biyu ba za su kai ba. Jar saniyar kaɗai ke da jiki.

Wakili ya share hannu da tsumma, ya rage murya. "Labbo, shekarag ga wa ka tambayar saniya? Kowa tashi ta mutu. Ka ce ta mutu, shi ke nan. Ku da kanku kun ce ba a biya."

"Haka na," in ji Labbo.

"To mi kake jira? In motar ga ba ta tashi ba, sauran ma ƙishirwa za ta kashe su."

Maganar gaskiya ce, shi ya sa ta dame shi. Ya kwana biyu yana sayen ruwa wurin masu jakuna. Ranar kasuwa ya ɗaura wa jar saniyar igiya, Mairama na kallonsa daga bakin bukka. Na gan shi da idona ya shigo kara da ita, yana tafiya kamar mai zazzaɓi. Dillali ya shafa gadon bayanta, ya yaba, sa'an nan ya kama kunnenta ya duba.

"Wagga tsagar kunne ba ta gidanku ba ce, Labbo. Ko an canja?"

Tambaya ce kawai, da ya ce saye ya yi da an wuce wurin. Labbo ya tsaya da igiya a hannu, gumi na zuba daga ƙarƙashin malfarsa. Can ya ce, "Ba sayarwa za ni yi ba. Na kawo ta a duba min ƙafarta." Ya juya da ita, ya fita ta ƙofar da ya shigo.

A ranar ya sallama wa Wakili motar a yadda take, da kuɗin da bai kai na bijimi ɗaya ba a shekarar ƙoshi. Ya sallami Lawwali, ya kai mahaifiyarsa gidan ƙanwarsa a Tozai, ya kora abin da ya rage kudu, a lokacin da hanya ta riga ta zama fayau. Jar saniyar ta faɗi bayan sun wuce Ƙaura Namoda, ba ta tashi ba.

Bayan damina ta dawo, makiyaya sun komo gida, Labbo ya sami Ibrahima ya gaya masa saniyar ta mutu. Ibrahima ya ce Allah ya mayar da alheri, ya tambayi lafiyar tsohuwa. Labbo bai sake tara garke nasa ba. Ya yi ta kiwon shanun wani attajirin Isa, yana noma 'yar gonarsa, har ya rasu a 1997. Motar kuwa Wakili ya gyara ta da hannunsa da tsofaffin kayan gareji, ta yi shekaru tana jigilar fasinja tsakanin Sabon Birni da Shinkafi.