Dona Ivanilde, Mai Karanta Abin da Aka Kankare

Kafin ƙarfe bakwai na safe Dona (wato Malama, a harshen garinmu) Ivanilde Querino ta riga ta buɗe ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na garinmu, can bayan coci. Shekara talatin da huɗu ke nan tana haka. Ba yawan aiki ke sa ta sammako ba, don sau da yawa har a tashi ko kare bai leƙo ba. Hasken safiya take bi. Kafin ƙarfe goma rana kan shigo ta taga a karkace, kuma da wannan hasken kaɗai ake ganin inda wuƙa ta taɓa kankare takarda. Takan zuba gahawa, ta goge kujerarta, ta goge ta biyun da ba mai zama a kai.

Ranar Juma'a za ta yi ritaya, kuma har yau ba a turo wanda zai gaje ta ba. Abin yana ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A rajistar ƙidaya ta zamanin bauta, kowane suna yana da gurbin launin fata: fari, baƙi ko wankan tarwaɗa. To, wasu malaman ƙidayar garin nan ragwaye ne. Maimakon su rubuta, sai su yi ɗan zobe, ko ɗigo biyu, ko su ja layi, suka kuma mutu ba su gaya wa kowa nufinsu ba. Dona Ivanilde ce ta bi alamomin nan suna bayan suna, tana gwada su da littattafan baftisma da na binne mamata. Zoben nan kaɗai sai da ya ci mata shekara goma sha ɗaya kafin ta tabbatar cewa wanda aka kawo daga ƙetaren teku ake nufi, wanda daga baya ya sami 'yanci. Duk abin da ta gano yana cikin wani shuɗin littafi da ya sha hannu.

Ina wurin ranar da Seu (wato Malam) Aristeu mai aski ya zo neman kakar kakarsa, Benedita.

"Dona, a gidanmu an ce 'yar Fotugal ce, fara tas."

"Seu Aristeu, shekara nawa kana tsaye gaban madubi? Kan mutane kawai kake kallo?"

Ya yi dariya. Ita kuwa ta buɗe shafin, ta karkata shi wajen taga. An rubuta "fara" da sabuwar tawada, amma a ƙarƙashi takardar ta yi siriri, ga inuwar zobe tana nan.

"A jirgi aka kawo ta," in ji ta. "Ta yi bauta, ta fita da ƙafarta. Wani jikanta ne ya sami wuri, ya sa aka goge don ya ɓoye asalinsa."

Tsohon ya sunkuya ya duba inuwar zoben. Can ya ce, "Wato mu muka ɓatar da ita."

"Ku kuka nemo ta kuma. Zauna ka sha gahawa, kada ka faɗo mini a kan takardu."

Ke ce kika mayar wa ɗaruruwan gidaje da kakanninsu, Dona Ivanilde, masu murna da masu fita suna ƙunƙuni. Ke ce ba ki taɓa yi wa kowa farin fenti don ya ji daɗi ba. Amma mutane kaɗan suka san cewa ke kanki ba ki sami taki kakar ba. A rajistar gonar da danginki suka fito akwai layi guda: mace, shekara kamar talatin, ɗigo biyu. Gurbin launi a cike, gurbin suna babu komai. Kina zaton ita ce, ba ki da hujja, kuma kin ƙi rubuta abin da ba ki tabbatar ba. Na sha ganinki kina buɗe shafin da safe kina gaishe ta a hankali.

Jiya na tambaye ta ko shuɗin littafin bai isa ya koyar da na baya ba. Ta harare ni ta saman tabarau.

"Ɗana, littafi zai nuna maka yadda ake karkata takarda? Sai an zauna kusa da ni an gani. In na tafi, zobe ya koma zobe."

Mun gode, Dona Ivanilde. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya saka miki da abin da mu ba mu iya ba. Ku kuma mutanen garin nan, musamman waɗanda kuka shiga ɗakin nan da tatsuniya kuka fito da sunan kaka, godiyar baki ba za ta karanta alama ko ɗaya ba. Safiya uku suka rage. Wani ya daure ya je kafin ƙarfe goma. Kujera ta biyu tana nan, yau ma ta goge ta.