Auren Tsamiya da Kanwa

Shekarar da Inna ta yi yaji ta koma gidansu a Guci, ɗakin Iya muka tare, kakarmu ta wajen uba, a Kwaya. Bayan isha'i takan tara mu bakin murhu ta yi mana tatsuniya. Ni dai jikina ne kawai a wurin. Ko amalanken jaki ne ya gifta sai na zabura na leƙa zaure, ko Inna ce.

"Maigida, ƙaya ce a tabarmar?" in ji Iya, don haka take tsokanata. "Zamna. Ga wata nan tafe, ku ba ta hanya."

Wai Tsamiya yarinya ce mai baki, duk wanda ta taɓa sai ya yamutsa fuska. Kanwa kuwa baƙo ne daga arewa, a kan raƙumi ya zo, ga shiru ga ɗaci. Aka ɗaura musu aure, aka kai su tukunya ɗaya. Suna haɗa ido sai kumfa ta taso, murfi na rawa, maƙwabta suka fito ba takalmi.

Iya ba ta tsaya a baki ba. Ta jawo ƙwaryar jiƙon tsamiya ta jefa gutsuren kanwa, muka ga ruwa yana tafasa ba wuta. Ƙannena suka yi ta ihu. Ni ba wannan ya dame ni ba.

"Iya, Tsamiyar ta tafi gidansu?"

"Ina za ta? Kumfa ce, kwanciya take. Ɗanɗana ka ji."

Na ɗanɗana, ba tsami ba ɗaci. Ranar na yi barci.

Sai a kolejin Magarya mushen shimi, malaminmu na kimiyya, ya yi mana bayanin asid da baz, wato abu mai tsami da abu irin kanwa. Ya ce kumfar iska ce take ficewa, abin da ya rage gishiri ne da ruwa, kuma ba ya sake komawa tsamiya ko kanwa. 'Yan aji na ta rubutu, ni na kasa zama, kamar in tashi in fita.

Domin kuwa Inna ta dawo, bayan an yanke gero, faɗa kuma ya ƙare a gidanmu. Iya ba ta yi mini ƙarya ba, kumfa ta kwanta. Abin da ya fice ne ba ta faɗa mini ba, kuma har yau haushinta nake ji, Allah Ya jiƙanta. Matar da ta sauko daga taksi ba ta ƙara mayar wa Baba magana ba, ba ta ƙara waƙa a bakin turmi ba, har ta bar duniya. Mutane suna yabon haƙurinta. Ni tsaminta nake kewa.