Sifikokin Inna Mai Sutura

A gidanmu babu abin da yake zaune tsirara. Firji na da riga, fanka na da hula, rimot ɗin talabijin ma yana da ɗan wandonsa mai zariya. Duk aikin Inna ne, yayar mahaifiyata, wadda nake zaune a wurinta tun da na samu aiki a kemis ɗin bakin titi. Tela ce, kuma tun kafin a haife ni 'yan layinmu suke kiranta Mai Sutura. Ita kam ba ta ga abin dariya a ciki ba. In aka tsokane ta sai ta ce abin da yake yi mata hidima kullum ba za ta bar ƙura ta hau kansa tana kallo ba.

Shagonta ɗan ɗaki ne a ƙofar gida, da taga ɗaya mai kallon titi. Akwai keken ɗinki baƙi na takawa da ƙafa, da teburin yanka, da benci na masu jiran kaya, sai buhun ƙyallaye a lungu wanda ba ya taɓa ƙarewa. Da wannan keken ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, ta sa su a makaranta, ta aurar da su. Ban taɓa jin ta ce duniya ta cuce ta ba. Da safe ta sha shayinta, ta ɗiga wa keke mai, ta zauna, sai ka ga fuskarta ta sake kamar wadda ta dawo gida daga doguwar tafiya. Ba ta iya ɓoye gaskiya ba kuma. Mutum zai ce a ɗinka masa da awonsa na bara, ta dubi tumbinsa ta ce, “Awon bara na mutumin bara ne, ɗaga hannu.” Suna yin fushi, amma suna dawowa.

Abu ɗaya keken ya karɓe mata, shi ne kunne. Shekara da shekaru tana cikin ƙararsa har jinta ya yi nauyi. Ba ta yarda ba, ko kusa. A wurinta mutanen yanzu ne suka koyi magana ƙasa-ƙasa kamar marasa gaskiya. Ni da nake gidan na saba, sai in tsaya gabanta in buɗe murya. Maƙwabta har sun san abin da za mu dafa kafin mu ɗora tukunya.

Autanta yana aiki a wata ƙasa mai nisa, can ya yi aure, can aka haifa masa 'ya mace, ya sa mata sunan Inna. Takwara muke ce mata. Inna ba ta taɓa ɗaukarta a hannu ba. Yarinyar ta yi tafiya da wuri, ta yi haƙora, ta yi wayo, amma magana shiru, har sa'anninta suka fara damun iyayensu da surutu. Wannan ne ya hana Inna sakat, kuma na san dalili. Tana da ƙane guda da ya zo duniya ya koma bai taɓa furta kalma ba, ita ce ta yi renonsa. Ba ta cika ambatonsa ba, amma duk ranar da aka yi zancen Takwara sai in ji keken ya yi shiru ya daɗe.

Ran nan Yaya Auta ya bugo waya yana murna, ya ce bakin yarinya ya buɗe. Na gaya wa Inna da ƙarfi. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Auta ɗan kirki ne, ba ya son hankalina ya tashi. Sai na ji da kunnena.”

To, da wane kunnen? A waya ba ta jin muryar manya ma sai da ƙyar, balle ta yarinya mai magana kamar tana jin kunyar kalmomin. Shi ya sa Yaya ya aiko da kwamfuta, irin ta tebur, da akwatinta da babban allonta da 'yar kamara a sama, don ta riƙa ganin jikarta sosai. Muka ajiye ta a falo. Duk ranar hutunsa da yamma yake kira. Gani kam an samu, fuskar Takwara ta cika allo, Inna ta yi ta dariya tana cewa goshin nan nata ne. Amma muryar da allon yake fitarwa ba ta fi kukan sauro ba. Ni kaina sai na kara kunne.

Yarinyar za ta matso ta ce, “Kaka.” Inna tana ta murmushi, tana ɗaga mata hannu.

“Inna, kiranki take yi,” in ce.

“Me ta ce?”

“Ta ce Kaka!”

“Ke ma kin shiga cikinsu ke nan. Baki kawai na ga tana motsawa. Shi ma haka yake motsa nasa.”

Na san ƙanenta marigayi take nufi. Abin da ya fi damuna shi ne Takwara ta fara gajiya. Da farko takan kira ta sake kira. Daga baya ta koma kira sau ɗaya ta juya ga 'yar tsanarta. Makon da ya biyo baya sai da uwarta ta ɗauko ta aka zaunar da ita, tana zillewa. Yaya ya gaya mini a waya cewa ta fara ɓuya in ta ga an kunna tasu kwamfutar. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Tsohuwa tana ganin jikarta ba ta magana, jika tana ganin kakarta ba ta kula ta, ni kuma ina tsakiya ba wanda ya yarda da ni.

Na tafi wurin maƙwabcinmu Mai Rediyo, wanda shagonsa na gyaran rediyo ke kallon na Inna. Mutum ne mai son raha, su biyu kullum cikin tsokanar juna suke. Ya zaƙulo wasu 'yan sifikoki guda biyu daga ƙarƙashin tarkacensa, ya hure su, ya biyo ni gida. Ya juya allon ya nuna mini wani ɗan rami a bayansa. “Nan za ki jona wannan siririyar wayar, ita ce mai kawo murya. Waccan mai kaurin ta wuta ce, soket za ta. Shi ke nan fa, ba wani asiri.” Ya jona, ya kunna labarai, ya murɗa ƙara.

Inna ta fito daga shago da almakashi a hannu. “Wane ne wannan ya shigo mini gida yana ihu?”

“Mijin da na samo miki ne, Mai Sutura,” in ji Mai Rediyo.

“In dai irinka ne, mayar da abinka.”

Amma ta zauna. Ta saurari labaran nan har ƙarshe, tana gyaɗa kai, har da gyara wa mai karantawa magana. Daga baya ta ce wannan bawan Allah shi ne mutum na farko da ta ji ya iya magana cikin shekarun nan. Ranar na yi barci da daɗi, abin da ya rage kawai ranar hutun Yaya ta zo.

Kafin ta zo, sifikokin sun samu riga. Wannan bai ba ni mamaki ba. Yadi mai furanni ta yi musu, ta bar gabansu a buɗe don kada murya ta shaƙe, har na yaba mata. Ban duba bayan tebur ba, a can kuwa aikin yake.

Ranar kiran na dawo daga kemis da wuri. Inna ta rufe shago, ta yi wanka, ta sa kayanta masu kyau, ta zauna gaban allo tun kafin lokaci. Na ce bari in gwada. Na kunna, shiru. Na murɗa ƙara har ƙarshe, shiru. Ko kukan sauron nan na da babu, don da zarar an jona sifika allon yake daina tasa maganar. Na leƙa bayan tebur, sai na ga siririyar wayar ta gajarce, kuma a tsakiyarta akwai wani ɗan ƙulli da aka naɗe da yadi mai furanni, an bi shi da ɗinkin hannu tsaf.

“Inna, mene ne wannan?”

“Rage mata tsawo na yi. Ta yi yawa, tana ta jan ƙasa tana kwasar datti.”

“Yanke ta kika yi?”

“To da me ake rage tsawo? Na cire abin da ya yi yawa na haɗa bakin. Ja ki gani, ba za ta tsinke ba.”

Haka take yi wa bel ɗin kekenta, igiyar fatar nan da ke juya shi. In ya saki sai ta yanke kaɗan, ta huda bakin biyu, ta ɗaure, keke ya ci gaba da aiki. Duk tsawon rayuwarta abin da ya yi tsawo haka ake yi masa, kuma bai taɓa ba ta kunya ba. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga yadda take kallona, hannunta a kan cinya, ta fara gane ta yi ɓarna. Na haɗiye maganar. Na gode wa Allah ma da ba ta wutar ta yanka ba.

Na leƙa waje, shagon Mai Rediyo a kulle, ya shiga kasuwa sayen kayan gyara. Na kira shi. Sai da ya gama dariyarsa, har ina jin yana tari, sannan ya ce, “Ki ce mata ta zo in ɗauke ta aiki. Saurara. Ku feɗe bakin biyu, za ku ga 'yan ƙananan wayoyi a ciki. Ja da ja, fari da fari, mara riga da mara riga. Ku murɗe kowanne da ɗan'uwansa, kada ku bari wani ya taɓa wani. Kuna da salatif?”

Ba mu da shi, amma a jakata akwai filastar ciwo daga kemis. Ya ce za ta yi.

Na zare wayar daga bayan allo, na farke ƙullin, na ɗauki reza. Yankan farko na datse har da na cikin. Inna ta ce, “Kawo nan, za ki ƙarar da ita.” Ta karɓa, ta bi bayan wayar da bakin reza a hankali yadda take farke ɗinkin da ba ta so yadin ya ji ciwo. Rigar ta buɗe, ga 'yan wayoyin nan sirara kamar gashi. Idonta ba ya rarrabe launinsu, ni kuma yatsuna ba su iya riƙe su ba. Sai muka raba aikin, ni in ce ga ja, in sa mata a hannu, ita ta murɗe, in naɗe da filasta. Muna kan na ƙarshe kiran ya shigo.

Na mayar da wayar cikin ramin bayan allo, na amsa. Fuskar Yaya Auta ta fito, sai muryarsa ta cika falon har tagogi suka ɗauka.

“Inna, ina wuni?”

Ta dafe ƙirji. “Auta! Ashe muryarka ta zama ta babanka.”

Ya yi dariya, ta ji dariyar, ita ma ta yi. Suka gaisa, ta tambayi matarsa, amma idonta yana ta neman gefen allo. Kujerar da ake zaunar da Takwara babu kowa.

“Ina take?”

Yaya ya sosa ƙeya. “Tana nan, Inna. Ta shige ƙarƙashin tebur, ta ƙi fitowa.” Ya sunkuya. “Zo mana ki gaida Kaka.”

Babu abin da muke gani sai bayan rigarsa. Daga can ƙasa wata 'yar murya ta fito, siririya, mai cike da fushi, kuma sifikokin suka kawo ta tar har inda Inna take zaune.

“Ba na zuwa. Kullum ina kiranta, ba ta amsawa.”

Inna ta kama hannuna ta matse har na ji zafi. Ba ta tambaye ni me aka ce ba. Hawaye ya gangaro mata, ta matsa gaba har goshinta ya kusa taɓa allon.

“Na'am,” ta ce da ƙarfi. “Na'am, Takwara. Ga ni, na ji ki.”

Sai ga goshi ya ɓullo daga bakin tebur, sannan idanu biyu.

“Kaka?”

“Na'am.”

“Kaka!”

“Na'am, 'yar nan. Yi ta kira, duk bashin amsarki da na ci zan biya.”